Yadda Muka Isa Nima Sau Biyu

Tun da muka dawo daga tafiyar nan ban huta da tambaya ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mana nono sai da ta ce wai da gaske ne a Gana ana binne mutum cikin akwati mai siffar kifi? Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wadda na ba labarin, akwai wuri guda da nake tsallakewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar.

Maigidana Malam Inuwa ya yi ritaya daga koyarwa bara. Shekara talatin da aurenmu a Zariya, ba mu taɓa fita mu biyu don yawon buɗe ido kawai ba, kullum sai gaisuwar mutuwa ko biki. Yaranmu ne suka matsa mu je mu huta. Muka tsara za mu fara da Kwatano wurin abokin Malam na makaranta, Alhaji Isufu, mu kwana ɗaya a Lome, mu ƙare a Akra wurin ƙawata Hajiya Memuna da ke unguwar Nima.

Memuna a aikin Hajji muka haɗu, shekara tara ke nan. Tantinmu ɗaya a Mina, zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta yi jinyata, ita ta je ta yi mini jifa. Tun daga nan ba Juma'ar da za ta wuce ba mu yi waya ba, kuma ba wayar da za ta ƙare ba ta ce, "Yaushe za ki zo?" ba. Da na gaya mata muna tafe, sai da na janye wayar daga kunnena saboda ihu. Bayan sati biyu ta aiko mini da atamfa shuɗiya mai zanen ganye ta hannun wani direba, ta ce in ɗinka in sa ranar da zan iso.

To ga wurin da nake tsallakewa. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya taɓa zuwa Akra ta ce mini gidajen Nima gidajen haya ne, ɗaki goma sha a tsakar gida ɗaya, bayan gida kuma na unguwa ne, sai an bi layi. Ni ga ciwon gwiwa, tsuguno ya daɗe da fin ƙarfina. Maimakon in tambayi Memuna, sai na ce mata ranar Juma'a za mu iso, alhali Laraba za mu shiga garin. Nufina mu yi kwana biyu a otal mu ga gari, in kuma na ga da hali in samo dalilin da za mu ci gaba da kwana a can.

Malam ya ce, "Hajiya, wannan fa ƙarya ce."

Na ce, "Ba ƙarya ba ce, hutu ne."

Ya ce, "To Allah ya sa mu huta."

Jirgi muka hau zuwa Legas, daga nan muka shiga mota zuwa iyakar Seme. A nan Malam ya fara nuna hali. Katin rigakafin da na ce ya sa a aljihu, ashe ya cusa shi a ƙasan babbar jaka, jakar kuma tana can ƙarƙashin kayan mutum shida a but. Sai da aka sauke komai, fasinjoji na harararmu. Da aka zo duba kaya, ma'aikacin ya ɗaga gorar man shanun da na riƙo wa Memuna tsaraba ya tambayi mene ne. Malam ya buɗe, ya kai masa hanci, ya yi masa bayani mai tsawo kamar yana aji, sannan ya rufe da kansa ya mayar cikin akwatina.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, in danja ta tsayar da su sai ka ce an watsa gero. Mata ma da kansu suke tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai kallonsu. Alhaji Isufu sana'ar motoci yake yi, ya tarbe mu da hannu biyu. Da safe aka kawo mana wani dogon burodi mai tauri, Malam ya gatsa ya dafe haƙori, ya ce wannan ai sai a kai shi wurin maƙeri. Alhaji ya kai mu wani gari da aka gina a kan ruwa, kasuwarsu ma a cikin kwalekwale ake cinta. Tun da muka shiga jirgin ruwan Malam bai ga komai ba, idonsa a rufe, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa.

Gidan Alhaji Isufu cike yake da mutane, banɗaki ɗaya ne ga kowa, amma kwana biyu na yi ban ji komai ba. Malam bai bar wannan ta wuce ba, ya ce, "Ga shi kin kwana a gidan mutane ba ki mutu ba." A ranar Memuna ta kira, tana magana ina jin ana buga guduma a bayanta. Ta ce, "Juma'a ko?" Na ce, "Juma'a in sha Allahu."

Lome ƙaramin gari ne mai tsabta, teku na bin gefen titi har bakin iyaka. Mun ga mata uku suna kirɓa sakwara a turmi ɗaya, taɓarya uku na sauka bi da bi ba ta taɓa haɗuwa, na tsaya kallo har Malam ya ja ni. Mun sha ruwan kwakwa, mun ɗauki hoto a bakin teku, igiyar ruwa ta tafi da takalmin Malam ƙafa ɗaya ta dawo masa da shi. A masaukinmu na buɗe akwati don in canja kaya, sai ƙamshi ya tarbe ni. Man shanun nan ya narke a zafin mota ya bi kayana kaf, ba zane ba mayafi. Murfin gorar a karkace yake. Na ɗago shi na nuna wa Malam, ya ce shi dai ya san ya rufe. Abin da ya tsira kawai atamfar Memuna, don ita tana cikin leda a jakarsa.

Ranar Laraba muka tsallaka iyakar Aflawo da ƙafa muka shiga Gana. Kwana uku Malam yana fama da masu Faransanci da nuni da hannu, da ya ji Turanci sai ya farfaɗo, har yana gyara wa direba magana. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanyar shi ne hotunan mamata. Kowane gari manyan alluna, hoton tsoho ko tsohuwa cikin kwalliya, an rubuta ranar da za a yi jana'iza, wata sai bayan wata biyu ko uku. Mu da ake rasuwa da safe a binne kafin azahar, abin ya ɗaure mini kai. Direban ya ce ai sai dangi na nesa sun hallara, an yi ɗinki, an tanadi abinci.

Shi ya kai mu wani ƙaramin otal a unguwar da ake kira Kanda, ya ce akwai Musulmi da yawa, za mu ji kiran salla. Na ba masu wanki kayana, suka shinshina suka ce sai Juma'a da safe. Abincin yamma aka kawo mana dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Ni na ci, ya yi mini daɗi. Malam ya kai loma biyu ya ce tuwon nan ya kwana uku, aka ce masa haka ake yin sa, ya ce to Allah ya ba masu shi haƙuri.

Ranar Alhamis da safe rigar jikina ta kai kwana uku, ba ta sawuwa. Na ɗauko atamfar Memuna na sa, na ce ai in ya so gobe in goge ta. Muka ɗauki tasi muka ga gari: babban filin da ke bakin teku, doguwar hasumiya ta unguwar masunta, da kasuwar da mata ke riƙe da komai, namiji sai dai ya yi dako. Direban ya kai mu wurin masu sassaƙa akwatin gawa, kuma gaskiya ne, na ga mai siffar kifi, na ga mota, na ga har kwalbar lemo. An ce ana yi wa mutum daidai da sana'arsa. Malam ya ce ke nan shi alli za a sassaƙa masa.

Da azahar yunwa ta kama shi, ya ce shi fa tuwo yake so, tuwo na gaskiya. Direban ya ce in tuwon zafi ne sai Nima, ga ta nan kusa da otal ɗinmu, titi ne kawai ya raba. Ni ban san kusa muke haka ba. Na ce a'a. Malam ya ce, "Haba Hajiya, unguwa guda ce fa mai dubban mutane. Wa ya san mu?" Na ga maganarsa da gaskiya, na yarda.

Da ka shiga Nima sai ka rantse gida ka dawo. Hausa ko'ina, mata da hijabi, masu tsire, shagunan turare da carbi. Sai dai Hausar tasu daban ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kuma ana yi ana zuba Turanci da yaren garin, sosai su ce paa, sam-sam su ce koraa. Direban ya ajiye mu a rumfar wata mai tuwo, wata ƙatuwar mata mai fara'a da ake kira Mma Adiza. Ta zuba wa Malam tuwo da miyar ayoyo, ya kai loma ya lumshe ido. Ni kuwa na lura tun da na zauna idonta na kan zanena.

Ta ce, "Hajiya, sannu. Wannan zani, wa ya ba ka?"

Na ce, "Ƙawata ce ta ba ni."

Ta ajiye mara ta tafa hannu. "Ei! Wannan ai yayinmu ne! Ba a sa shi koraa sai gobe. Kai ne baƙon Hajiya Memuna? Na Nijeriya?"

Yayi shi ne abin da muke kira anko. Ni da na yi shekaru ina fitar da anko a bikin 'ya'yan mutane, ban taɓa kawo wa raina atamfar nan ta taro ce ba, na ɗauka kyauta ce aka yi mini ni kaɗai. Mma Adiza ta shiga ba ni labari baki har kunne. Duk matan ƙungiyarsu sun ɗinka irinta don tarbata, kowacce ta ɓoye tata sai Juma'a. An kama rumfa da kujeru. Memuna ta yi sati tana kwana a ɗakin ƙanwarta saboda an yi wa nata fenti. Tana faɗa tana danna waya. Na ce, "Don Allah tsaya," amma ta riga ta kai kunne. "Hajiya, zo ka gani! Baƙonka ya iso, ga shi nan yana ci tuwo!"

Ba a yi minti goma ba sai ga Memuna ta ɓullo daga lungu, da tsohon hijabi da silifas, hannunta duk ƙullu. Shekara tara ina tunanin yadda za mu rungumi juna. Ta tsaya daga bakin rumfar ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta rusuna ta gaida Malam, ta tambaye shi hanya da mutanen gida. Sai ta juyo gare ni.

"Yaushe kuka iso?"

Na dubi Malam, shi kuma ya dubi kwanonsa. Na ce, "Jiya."

"Ina kuka kwana?"

"Otal. A Kanda."

Ta ce, "Kanda." Ta ɗaga hannu ta nuna bayanta. "Daga ƙofar gidana ana hango Kanda." Sannan ta ce, "Wani ne ya ce miki gidana bai isa ki kwana ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta jira amsa ba, ta juya ga mai tuwon ta ce, "Adiza, yau ba ka ga kowa ba, ka ji ko?" Ta dawo kaina, muryarta a kwance. "Ki koma ki cire zanen nan ki goge shi. Gobe bayan an sauko Juma'a ku ɗauki tasi da kayanku ku zo, kamar yadda kika ce. Matan nan sun sha wahala, ba zan ɓata musu rana ba." Ta yi wa Malam sallama ta koma cikin lungun.

A otal na yi kuka sosai. Malam bai ce ai ya gaya mini ba, ya ɗauko dutsen guga ya goge atamfar da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na kira Memuna sau uku kafin magariba, ba ta ɗauka ba. Na ce wa Malam ina jin na rasa matar nan. Ya ce, "Da ta yanke ki, ba za ta ce ki zo gobe ba. Ki je ki karɓi abin da ta shirya miki."

Haka muka sake isa Nima ranar Juma'a, da akwatunanmu a bayan tasi, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Motar ba ta shiga lungun, sai muka sauka muka taka, muna tsallake kwata. Muna shan kwana sai ga rumfa, ga mata sun fi talatin, duk cikin shuɗiyar atamfar nan, suka ɗauki guɗa. Aka rungume ni ta ko'ina, ana "Akwaaba! Sannu da zuwa! Ya gajiyan hanya?" Mma Adiza ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Hajiya, ka sha hanya paa, sannu," ko gezau fuskarta ba ta yi ba. Memuna ta rungume ni a gaban kowa, ta gabatar da ni, ta ce ga 'yar'uwarta ta Zariya. Aka ci wake da shinkafa irin nasu mai ja, da taliya da garin rogo da baƙin yaji a kai, aka yi addu'a. Na fara tunanin asirina a rufe yake, sai na ji wani dattijo na gidan ya sunkuya wurin Malam yana cewa a hankali, "Malam, tuwon jiya ya yi daɗi?" Ashe duk unguwar ta sani. Ba wanda ya faɗa mini, kuma har muka bar garin ba wanda ya faɗa.

Gidan kamar yadda aka ba ni labari yake, ɗakuna a jere, iyali goma sha ɗaya, Dagomba da Zabarmawa da Mosawa da waɗanda su kansu sun manta daga ina kakanninsu suka zo. Da taro ya watse Memuna ta kai mu ɗakinta, yana ƙamshin sabon fenti, da sabuwar katifa. Sannan ta buɗe wata ƙaramar ƙofa a gefe. Banɗaki ne sabo fil, da tayil, da masai na zama, an kafa ƙarfe a bango inda mutum zai dafa ya miƙe. Ta ce, "Kin ce mini gwiwa na damunki." Daga baya na ji wurin nan ne ɗakin girkinta, inda take dama kokon da take sayarwa tun rasuwar mijinta. Ta rushe shi, ta koma girki a tsakar gida.

Kwana huɗu muka yi. Ta kai mu kasuwar Madina a motar haya da suke kira turoturo, ta kai mu wani biki inda mata ke rawa ana liƙa musu har da tsofaffi, ta ciyar da Malam tuwo safe da yamma har ya fara maganar ƙara kwana. Ba abin da ta rage mana. Amma hirar nan da muke yi a waya, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, ita ce babu. Kowace magana sai ta ce, "Hajiya, akwai abin da kike buƙata?" Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Rana ta uku da safe na same ta tana tace ƙullu a tsakar gida. Na jawo kujera na karɓi rariyar, na gaya mata komai, da maganar maƙwabciyata, da tsoron layin bayan gida, da dabarar da na so in yi ta zama a otal. Ta saurare ni tana zuba ruwa.

Ta ce, "Shekara tara muna magana duk sati. Kika tambayi matar da ba ta san ni ba, ni ba ki tambaye ni ba."

Na ce, "Kunya na ji."

Ta ce, "Ni ma na ji kunya ranar Alhamis, a gaban Adiza." Ta matse tsumman ta girgiza shi. "Na yafe miki, Rakiya. Amma abin ya yi mini ciwo paa, ba zan ce bai yi ba. Riƙe rariyar da kyau, kina zubar mini da ƙullu."

Ranar da za mu tafi ta raka mu tasha da kanta, da ƙullin baƙin yaji da sabulun salo. Malam ya shiga mota ya bar mu. Na riƙe hannunta na ce, "Saura ke. Ki zo Zariya, ki gaya mini rana tun da wuri in shirya miki."

Ta ce, "Zan zo in Allah ya yarda. Amma ba zan gaya miki rana ba. Yadda na same ki, haka zan zauna."

Na ce to.

Har yau ba ta zo ba. Amma duk sanda na ji sallamar mace a ƙofar gida da muryar da ban gane ba, ni nake riga kowa miƙewa, da gwiwar tawa da komai.